Yini guda a tsohuwar Alkahira

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, duk muna lafiya. Mahaifiyarka ta karanto mini saƙonka, cewa za ka yada zango a Alkahira yini guda, har da jerin wuraren da kake son gani: dalar Giza, gidan tarihi, Azhar, ganuwar Salahuddin, da bakin Nilu. Wannan aikin mako guda ne. Ka ajiye su duka, ka riƙe tsohon gari kaɗai. Ni ma na taɓa irin wannan haɗama a zuwana na farko. Rabin yinin ya ƙare mini cikin tasi a cunkoso, na koma masauki a galabaice, ban riƙe komai a zuciya ba. Sai a zuwa na biyu, da na taka da ƙafa, na san na ga garin.

Ka fita da sassafe, ka sa takalmi mai taushi wanda ba ya wuyar cirewa, don za ka yi ta shiga masallatai. A sauke ka a Babul Futuh, ƙofar arewa da aka gina a 1087. Daga nan titin Mu'izz ya miƙe kudu har Bab Zuwaila, tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Mai sauri zai gama shi cikin rabin awa. Kai ina so ka ba shi yininka.

In ka iso ginin Sarki Ƙalawun na 1285, ka shiga. Makaranta ce da asibiti da kabarinsa a wuri guda. Ka tsaya cikin ɗakin kabarin har idonka ya saba da duhu, sannan ka ɗaga kai ka ga yadda haske ke saukowa ta gilasai masu launi. Kafin nan za ka wuce wani ɗan gini da ya raba titi biyu, sabil ɗin Katkhuda na 1744: ƙasa wurin ba da ruwan sha sadaka, sama makarantar yara masu koyon Alƙur'ani. Na daɗe a tsaye gabansa ina tuna makarantar allon ƙofar gidanmu da randar da kakanka ke ajiyewa a zaure.

Sallar azahar ka yi ta a Azhar, wanda aka buɗe a 972. Kada ka sallame ka zabura. Ka jingina da ginshiƙi ka zauna. Mutanen ƙasarmu sun riga ka zuwa nan da ƙarnuka. Ɗaliban Barno suna da nasu sashen a masallacin, kuma Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina, a garin ya zauna har ya rasu a 1741. Ka yi musu addu'a, ka sa ni a ciki.

Kasuwar Khanul Khalili tana daura da masallacin Husaini, nan ne turmutsutsun yake. Wayarka da kuɗinka su kasance a aljihun gaba. Duk wanda ya tare ka da kaya ko ya ce zai zaga da kai, ka ce masa "la, shukran" (a'a, na gode) da fara'a, ka wuce. Talaka ne mai neman abinci, kada ka daka masa tsawa. Ka tanadi canji don masu tsaron takalma. In yunwa ta taso ka ci koshari, haɗinsu na shinkafa da taliya, ka kora da ruwan rake.

Bayan la'asar ka tsallaka titin Azhar ka gangara Bab Zuwaila, ka hau ɗaya daga cikin hasumiyoyi biyun da ke kanta tun ba a rufe ba. Matakalar matsattsiya ce, ka bi a hankali. Daga sama za ka hango duk hanyar da ka biyo, da ganuwar Salahuddin can kan tudu. Da ka sauko, gaban ƙofar akwai rufaffen layin masu ɗinkin rumfuna da hannu. Ka saya wa mahaifiyarka ƙaramar shimfiɗa ɗaya, tana son shuɗi. Ka yi ciniki, amma ka duba ɗinkin kafin ka taya.

Ka bar wurin da wuri, hanyar filin jirgi tana cushewa da yamma. Ka kira mu da zarar ka isa. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka