Ta'aziyyar wani dattijon manomi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi ta'aziyyar wani dattijo na ƙauyenmu a ƙasar Dambatta, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan ya haura shekara 90. Ya noma gyaɗa tun zamanin da ake tara dalarta a Kano, kuma lokacin farin 1973, da rumbunan mutane suka ƙare, nasa ne ya ciyar da maƙwabta. Ba ya kai hatsi kasuwa sai ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, abin da yawancinmu muke sakaci da shi yau. 'Ya'yansa, maza da mata, duk sun yi karatun allo.

Allah ya jiƙansa da rahama.