Sanarwa: aikin wannan watan, labarin binciken kisa

Assalamu alaikum ƴan uwa marubuta.

Wannan watan labarin binciken kisa za mu rubuta, kuma daga abin da ya faru da gaske za mu ɗauki haske. Daren 31 ga Maris 1922, a wata keɓaɓɓiyar gona da ake kira Hintakaifek, a yankin Bavariya ta Jamus, aka kashe mutum 6: maigida, matarsa, ƴarsu, jikoki 2, da ƴar aikin da ta iso gidan a ranar. Sai 4 ga Afrilu maƙwabta suka gano gawarwakin. Kafin kisan maigidan ya ce ya ga sawun mutum a dusar ƙanƙara daga daji zuwa gidan, babu sawun komawa. Bayan kisan ma an ci gaba da ba shanu abinci. Har yau ba a gano makashin ba.

Kowa ya ƙirƙiri nasa mai bincike, ya kai mu ga amsar da hankali zai ɗauka. Don Allah kada a cika zubar da jini, akwai yara cikin mamatan, a mutunta su.

Malamanmu na Jami'ar Bayero, muna roƙon ku duba mana. Karatu ranar Asabar bayan la'asar, inda muka saba.