Wasiƙa Zuwa Ga Ƙawata Kan Kyautar 'Yan Matan Kwamfuta

Baltimo, Amurka

Aminiyata Malama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara da su Inna. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa, yara kuma sun koma makaranta, gida ya ɗan huta da hayaniya.

Na ga saƙonki, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa bana za ku ware kyauta ta musamman a fannin kwamfuta ranar bikin yaye ɗalibai. Allah ya yi miki albarka. Amma tunda kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta: wannan shawara ta ba wa yarinyar da ta zo ta ɗaya a jarrabawa ba ta kwanta mini ba. Ke kin fi ni sanin yadda ake cin wannan jarrabawa a yawancin makarantunmu. Yarinya za ta haddace sunayen sassan kwamfuta, ta zana su a takarda tsaf, ta ci maki tamanin, alhali idan aka zaunar da ita gaban na'urar sai hannunta ya ɗauki rawa. Wadda ta zo ta ɗaya ɗin kuma, ai ita ce dai za ta kwashe kyautar lissafi da ta Turanci. Tana da mai yaba mata. Ni wadda take raina ita ce waccan ta layin baya, wadda duk malamar da wayarta ta rikice ita take kira.

Bari in ba ki labarin yadda ake yi a nan, tunda shi kika tambaya, sai ki tsinci abin da zai yi miki amfani ki watsar da sauran.

Akwai wata cibiya da ake kira NCWIT, ta harkar mata da fasahar sadarwa, wadda aka kafa a 2004 a Jami'ar Kolorado da ke Bolda. Tun 2007 take ba da lambar yabo ga 'yan matan sakandare, daga aji tara zuwa sha biyu a tsarinsu, wato kusan JSS 3 zuwa SS 3 a namu. Kada ki ɗauka sun fara ne don sun ƙoshi sun rasa abin yi. Matsala ce ta kai musu iya wuya. A 1984, cikin duk mutum ɗari da suka kammala digirin farko a kimiyyar kwamfuta a Amurka, 37 mata ne. Zuwa wajajen 2010 sun koma kamar 18, a daidai lokacin da mata ke ƙaruwa a likitanci da aikin lauya. Ɗaya daga cikin dalilan da masu bincike suka fi ambata shi ne shigowar kwamfuta cikin gidaje a shekarun 1980. An tallata ta a matsayin abin wasan samari, iyaye suka riƙa saya wa 'ya'yansu maza. Da aka haɗu a ajin farko na jami'a, namiji ya shekara biyar yana taɓa-taɓa, mace kuwa ranar ta fara. Sai ta ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ba ta ja, ta tattara ta koma wani fannin.

Jami'ar Carnegie Mellon da ke Fitsbag ta gwada gyara wannan. Ta daina fifita wanda ya riga ya iya rubuta manhaja wajen ɗaukar ɗalibai, ta buɗe wa masu farawa daga tushe ƙofarsu, ta kuma horar da malaman sakandare. Mata a cikin sababbin ɗaliban fannin suka tashi daga kashi 7 cikin ɗari a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. Ba a sauya wa kowa ƙwaƙwalwa ba, ma'aunin aka sauya.

To ki dubi gidajenmu. Waya mai shiga intanet ta Yaya ce. Shagon kafe na bakin titi, wane uba ne zai bar 'yarsa budurwa ta je ta zauna cikin samari har magariba? Ƙanenta kuwa can yake yini. Ke nan idan kika auna su da abin da suka riga suka iya, gatan gida kike aunawa.

Shi ya sa tsarin wannan lambar yabo ya burge ni, har nake cikin masu sa kai da ke duba takardun nema idan kaka ta yi. Yarinya ce da kanta take cike fom. Ana tambayarta abin da ta taɓa yi da kwamfuta, da abin da take burin yi, da ko ta taɓa koya wa wani, da irin cikas ɗin da ta haɗu da shi. Ana kuma lura da irin damar da take da ita a inda take zaune. Wadda makarantarsu ke da ɗakin ƙera mutum-mutumi mai aiki da kansa ba a jera ta a ma'auni ɗaya da 'yar ƙauyen da ta koyi abin da ta koya a ɗakin karatu na gari. Takardun da suka fi tsaya mini a rai ba na masu manyan lambobi ba ne. Na irin yarinyar da ta gaji da ganin mahaifiyarta na lissafin shago a littafi ne, ta zauna ta tsara mata shi a kwamfuta, ya ƙi, ta sake, har ya yi.

Sannan ba a taƙaita abin ga zakarun ƙasa baki ɗaya ba. Akwai na yanki-yanki, inda jami'o'i da kamfanonin wurin ke shirya ɗan biki, iyaye su zo, a kira sunan yarinya. Ana karrama malamai su ma, da lambarsu daban. Wadda ta samu kuma tana shiga zauren waɗanda suka riga ta, inda 'yar sakandare za ta tambayi wadda ke jami'a ko wadda ta fara aiki, a nuna mata inda ake neman tallafin karatu. Ana kuma tallafa musu su koma su koyar da ƙannensu na firamare da ƙaramar sakandare. A ganina wannan zauren ya fi allon da ake rataya wa a bango daraja nesa ba kusa ba.

Ba wai ina cewa sun gama da matsalar ba ne. Har yau mata ba su wuce kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan digiri a nan ba. Kuma rashin yaba wa mace a wannan fanni tsohon ciwo ne gare su. Mata shida ne suka tsara wa ENIAC aikinta, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, amma da aka nuna ta ga duniya a Filadelfiya a 1946 ba a gabatar da su ba. Sai bayan gomman shekaru aka waiwaye su.

Yanzu ga wanda ya shafe ki kai tsaye, don ita waccan lambar ba ta mazauna Nijeriya ba ce. Akwai gasar Technovation, wadda 'yan mata daga ko'ina a duniya ke shiga kyauta. Ƙungiya ba ta wuce mutum biyar, da babba guda mai ja musu gora. Cikin kamar mako 12 za su zaɓi wata matsala ta unguwarsu, su haɗa manhajar waya da za ta magance ta, su tsara yadda za su gabatar da ita. Da yawa da App Inventor suke aiki, wanda jami'ar MIT ke kula da shi, inda ake jera umarni kamar tubali ba sai an iya dogon rubutu ba. A 2015 'yan mata daga Kalaba suka ci babbar kyautar rukunin manya, dala dubu goma, da manhajarsu Discardious ta kwashe shara. A 2018 ɗalibai biyar na makarantar Regina Pacis da ke Onica suka ci zinare a rukunin ƙanana da FD-Detector, mai tantance jabun magani. Ki lura da abin da suka zaɓa. Onica gari ne mai babbar kasuwar magani, abin da ke ƙofar gidansu suka ɗauka. A 2020 ma 'yan mata uku 'yan asalin Nijeriya mazauna Ayalan suka yi nasara da manhajar taimaka wa masu ciwon mantuwa.

Su waɗannan ba da kai biyu aka haife su ba. 'Yan ajinki sun san wahalar ruwa, sun san farashin taki, sun san yadda adashin uwayensu ke rikicewa idan uwar adashi ta manta wa ta zuba wa bai zuba ba. Ko wannan na ƙarshen kaɗai ya isa aikin zango guda.

Na san abin da za ki ce: iyaye. Kuma ba zan raina tsoronsu ba, don ni ma uwa ce, na san abin da ke yawo a TikTok. Uban da ya ce ba ya son 'yarsa da waya ba jahili ba ne, abin da ya gani ne. Amsar ita ce ya ga wani abin daban da idonsa. Don haka ki rubuta wa iyaye maza takardar gayyata da sunansu, kada ki bar ta a saƙon baki. Ki gayyaci mai unguwa da liman. A bar yarinyar ta tsaya ta nuna abin da ta haɗa, cikin Hausa, minti uku. Ki kuma tuna musu cewa tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ko likita yake so ta zama ko malamar Arabiyya, sai ta bi ta gaban wannan allo. Wannan hujja ta fi duk wani jawabi kan ci gaban zamani shiga kunne.

Mu kuma ba baƙi ba ne a wannan harka ta karrama mace mai ilimi a bainar jama'a. Nana Asma'u, da ta kafa 'Yan Taru a ƙarni na 19, duk matar da ta naɗa jaji sai ta ɗora mata malafa, a naɗe ta da jan rawani. Da wannan alama jaji ke tafe daga ƙauyensu zuwa Sakkwato da ayarin mata a bayanta, kowa ya gan ta ya san malama ce, ya ba ta hanya. Nana ta san karatu kaɗai bai isa ya kare mace a hanya ba, sai da shaidar da jama'a za su gani su girmama. Idan wani ya ce miki abin Turawa kika kwaso, ki ba shi wannan labari.

Batun abin da za a bayar kuwa, don Allah ban da kwanukan abinci da turmin atamfa. Ba laifi ba ne a wani bikin, amma saƙon da suke isarwa daban ne. A biya mata kuɗin rajistar JAMB. A saya mata data ta zango guda a kan layin malamarta. Mafi arha kuma mafi daraja, a ba ta izinin shiga ɗakin kwamfuta bayan an tashi, ita da ƙawayenta huɗu. Kin ce mini ɗakin naku kullum a kulle yake don tsoron kada a lalata kaya, an lulluɓe na'urorin da leda sai ranar da baƙi za su zo. Wallahi wannan ya fi rashin wuta ci mini rai. Kwamfutar da ba a taɓawa ma lalacewa take yi, ƙura da zafi sun ishe ta.

Tunda Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara shirin AGILE na bunƙasa ilimin 'yan mata da su, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 dominsa a 2020, kuma koyar da 'yan mata fasahar zamani na cikin ayyukansa, ki je ofishinsu da takarda a hannu ki nemi sola ko da ta ɗaki ɗaya ce. Scratch kuma, wanda ake koya wa yara tsara manhaja da shi, ana sauke shi sau ɗaya a yi ta aiki da shi ba intanet, ya ishi 'yan ƙaramar sakandare farawa.

Wani abu kuma, kada ki jira ƙarshen shekara kawai. Alhamis ta huɗu a watan Afrilu ita ce ranar 'yan mata a fasahar sadarwa, wadda hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware. Ki yi ɗan taro a ranar, ki nemo tsohuwar ɗalibarku da ke karanta kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma ta zo ta yi musu magana. 'Yar unguwarsu mai hijabi irin nasu za ta fi ni da ke nan tasiri a kansu. Kuma ki yi hattara da manyan baƙi. Idan aka cika rumfa da masu muƙami, jawabi zai cinye lokaci, a kira yaran a gurguje ana naɗe tabarma, hoton da zai fita kuma na mai miƙa kyautar ne. Kada ki manta da malamin da ke tsayawa da su bayan an tashi ba tare da ko sisi ba, shi ma a kira sunansa.

Ni tawa gudummawar, akwai kwamfutocin cinya guda biyu a gidan nan da yara suka daina amfani da su. Na sa an gyara, an sauya musu batir, zan ba wani ɗan uwan maigidana da zai taho Kano kafin azumi, sai ki aika a karɓo. Zan kuma fassara miki irin tambayoyin da nake ganin sun dace da fom ɗinku in turo ta WhatsApp, ki gyara su yadda za su zauna da yaranku. Sharaɗina ɗaya ne, ki bar kowace yarinya ta nema da kanta, har da 'yan ajin adabi da na kasuwanci, kada malamai su zaɓo muku.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce mata kukar da daddawar da ta aiko sun iso, an sha miya har da santi. Ki gaida maigida da yara, da duk malaman da suka san ni. Ina jiran jin yadda kuka yi da shugabar makaranta kan maganar mabuɗin.

Wassalam.

Taki har kullum,
Ƙawarki