Kafin a sayi kabinet ɗin saba, don Allah a fara duba ɗakin

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana damuna a sana'armu ta haɗa na'urorin kwamfuta da intanet, musamman yanzu da makarantu da asibitoci da ƙananan bankuna da cibiyoyin rubuta jarabawar JAMB duk sun fara ware ɗaki guda na saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai tana yiwa sauran kwamfutoci hidima. Maganar ita ce inda ake jera na'urorin, shin buɗaɗɗen rak za a saya wato ƙarafa ne kawai a tsaye ba ƙofa ba gefe, ko kuwa kabinet mai ƙofa gaba da baya da makulli. Abinda nake gani kullum shine ido ne yake yiwa mai ofis ko ɗan kwangila zaɓi, da yaga baƙin kabinet mai ƙofar gilashi fitilu na ta ƙyalli a ciki shikenan sai yace wannan za a kawo, ba wanda ya tsaya ya tambayi ɗakin da za a ajiye shi ya yake.

Toh su dai duka biyun ma'auninsu ɗaya ne, faɗin inci 19, tsawon kuma da U ake ƙirga shi, U ɗaya inci 1.75 ne, babban da aka fi sani 42U ne kusan mita 2 a tsaye. Kaga kenan na'urar da ta ɗauru a wannan zata ɗauru a wancan indai zurfin ya isa. Inda suka rabu shine iska da ƙura da kuma hannun mutane.

Iskar ce ta fi damuna gaskiya. Ita saba ta gaba take zuƙar iska mai sanyi ta fitar da mai zafi ta baya, haka aka ƙera ta, idan ka rufe gabanta da gilashi ka kuma manna bayan kabinet ɗin da bango toh zafin da ta fitar shi zata sake zuƙa, ƴan fankokin nan biyu ko huɗu da suke saman kabinet basa iya kwashe shi. Kamar ka rufe mutum ne a mota ka ɗaga gilasai da rana tsaka a watan Afrilu. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka wadda duniya take bin shawararta tace iskar da ke shiga na'ura ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri lokacin bazara waje ma yana haura 40. Na shiga ɗakin saba na wata makaranta da ba zan kama sunanta ba, esi ɗaya ne kuma ba a layin janareto yake ba, an ɗauke wuta UPS, wato na'urar batir mai bada wuta na ɗan lokaci, ta riƙe na'urorin suna ta aiki esi kuma a kashe, da na ɗora hannu a ƙofar gilashin wallahi ɗumi ne sosai, fankokin ciki sai ihu suke kamar zasu tashi, a ƙarshe ma'aikacin wajen kujera yake sawa ya tokare ƙofar a buɗe. Toh ina amfanin kuɗin da aka kashe a ƙofa da makulli? Ga batiran UPS ɗin a ƙasan kabinet ɗin suma suna shan zafin, alhali batir irin wannan mai dalma idan zafi ya ƙaru da kusan digiri 10 sama da 25 rayuwarsa rabewa take biyu, shi yasa zaka ji ana ta ƙorafi wai an kawo jabun batir, sau da yawa zafi ne ya cinye shi.

Amma kar wani ya fahimce ni cewa buɗaɗɗen rak nake tallata wa kowa. Shima yana da nasa sharaɗin. Ya fi arha, iska na ratsa shi ta ko'ina, mai gyara yana kaiwa ga kebul ta kowane ɓangare ba tare da ya cusa kai cikin akwati ba, indai siwic ne, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, da allon haɗa kebul da tarin wayoyi toh ban ga abinda ya kai shi ba. Sai dai dole ɗakin ya zama a kulle kuma mutum biyu ko uku ne kawai ke da makulli, a ɗaure ƙafafunsa da ƙasa da noti, a haɗa masa wayar ƙasa saboda tsawa. A wurarenmu kuwa ɗakin saba shine sito, nan ake ajiye tsofaffin fayil da tsintsiya da katan ɗin ruwa, nan masinja yake shigowa ya zare wani soket ya saka cajin waya, ga ɓeraye masu gaigayar kebul. Ɗaki irin wannan kam kabinet mai makulli yake buƙata, amma mai ƙofar raga gaba da baya ba gilashi ba. Kuma a tuna dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, asibitin da kowa zai iya zare masa faifan ajiya ya fita dashi a aljihu bai tsare komai ba.

Sai maganar ƙura, nan ma akwai ruɗu. Mutane na ɗauka kabinet yana hana ƙurar hunturu shiga, ai duk inda iska ta bi ƙura zata bi, ƙofar raga bata tare ta. A ɗakin ake yaƙar ƙura, a toshe taga, a sa roba a ƙasan ƙofa, a cire kafet, a riƙa wanke matatar esi.

Da yawa hotunan manyan cibiyoyin ajiye saba muke gani irinsu Rack Centre da MDXi a Legas ko Galaxy Backbone a Abuja, layi-layi na kabinet sai mu kwaikwayi akwatin kawai. Su can kamfanoni daban-daban ne ke haya a zaure ɗaya dole kowa ya kulle nasa, sannan sun jera su fuska da fuska, layin sanyi daban layin zafi daban, duk gurbin da ba na'ura an toshe shi da faranti don kar zafi ya dawo gaba, sanyi kuma baya yankewa dare da rana.

Wani abin takaicin shine zurfi. A sayo kabinet mai zurfin milimita 600 wanda na kayan siwic ne, a zo saka babbar saba taƙi shiga ƙofar baya taƙi rufuwa, alhali irinta 1000 ko 1200 take so. Sai kaga an ɗora saba mai tsadar gaske akan tebur a gefe.

Roƙona ga masu rubuta takardar kwangila a ma'aikatu da makarantu, kar a rubuta kabinet 42U kawai a wuce, a faɗi zurfinsa, a faɗi ƙofar raga ce, a bar fili gaba da baya yadda mutum zai tsaya yayi aiki, esi ya zama biyu suna karɓa-karɓa kuma a layin janareto, sannan a kai injiniya ya ga ɗakin da idonsa kafin a fitar da kuɗi.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku,
wani mai haɗa na'urorin sadarwa daga Kano