Wasan 1994 da murnar Yekini ta hana mu gani

Assalamu alaikum, Edita.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sam mini fili in yi magana a kan ƙwallon kwando. Na san shafinku na wasanni kusan kacokan na ƙwallon ƙafa ne, kuma ban ga laifinku ba tunda shi jama'a ke bi. Amma akwai mu 'yan tsiraru da muka taso da ɗaya wasan, kuma yaranmu sun fi mu yawa a cikinsa yanzu.

Musu ne ya haɗa ni da ɗan ƙanwata, wanda ke buga wa makarantarsu ta sakandare. Ya miƙo mini waya yana cewa, "Kawu, 'yan zamaninku fa kokawa suke yi. Duba ka gani, wasan ɗaukar kofi ne amma an tashi 90 da 84." Wasa na bakwai ne, mai raba gardama, na gasar ƙarshe ta NBA (babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka) a 1994, tsakanin Houston Rockets da New York Knicks. Na ce masa kada mu yanke hukunci da lamba, mu zauna mu kalli wasan tun daga tashin ƙwallo har busar ƙarshe. Ran Asabar bayan isha'i muka samo shi a YouTube, muka jingina kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunno, muka yi sama da awa biyu a kan tabarma.

Ni kaina ban taɓa kallonsa gaba ɗaya ba sai a wannan daren, kuma dalilin yana ba ni tausayin kanmu. An buga shi ranar 22 ga Yuni, 1994 a birnin Houston. Kwana ɗaya kafin nan, a birnin Dallas na wannan jiha ta Texas, Najeriya ta lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema a wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, Rashidi Yekini ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka da addu'a. Duk wanda ya yi wayo a lokacin yana tuna inda ya tsaya ya kalla. Muna cikin wannan murna, ba mu da labarin cewa washegari wani haifaffen Legas, Hakeem Olajuwon, ya ɗora birni guda a kafaɗarsa ya kai shi ga kofin NBA na farko a tarihinsa. A kakar nan shi ne gwarzon gasar, shi ne gwarzon tsaron gida, shi ne kuma gwarzon wasannin ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa a shekara ɗaya kafin shi.

Gaskiya ɗaya ce, a rabin farko yaron nan ya fi ni hujja. Hoton dishi-dishi, ba a ma barin maki a jikin allo sai jefi-jefi. Ana tafiya da ƙwallo a hankali, a jira kowa ya tsaya a gurbinsa, a tura ta ƙarƙashin kwando inda Charles Oakley da Anthony Mason da Otis Thorpe ke gwara kafaɗu kamar masu danne sa ranar layya. An tafi hutun rabin lokaci 45 da 43, makin da a yau ƙungiya ɗaya kan iya ci a zango guda idan hannu ya yi zafi. A duk wasanni bakwai ɗin ba ƙungiyar da ta kai maki 100, mafi yawa shi ne 93. Yaro yana ta girgiza kai.

Sai na tsayar da bidiyon, na ce ya dubi hannun Derek Harper na Knicks. Kenny Smith na Houston yana tahowa da ƙwallo, Harper ya dafa masa tafin hannu a ƙugu tun daga tsakiyar fili, yana juya shi inda ya ga dama kamar mai riƙe da kan keke, alƙalin wasa yana kallo bai busa ba, domin a lokacin ana lamuntar haka. Na ce, "Kai da kake taƙama da gudu, ka taɓa gwada wuce mutum hannunsa na kan ƙugunka?" Bayan wannan gasar ne hukumar NBA ta fara taƙaita dafa hannun, a 2004 kuma ta tsananta hanin. Daga nan gajerun 'yan wasa masu zafin nama suka sami sarari. Wanda ya ga Stephen Curry yana yawo da ƙwallo ba mai taɓa shi, ya kamata ya san doka ce ta share masa hanya kafin gwanintarsa ta yi sauran aikin.

Sai dai ban yarda da abokaina 'yan zamanina ba, masu cewa tsaron gida ya mutu, 'yan yanzu ragwaye ne. A 1994 akwai wata dokar da ta sauƙaƙa wa masu kai hari ƙwarai. Dole kowane mai tsaro ya riƙe mutuminsa. Kana iya barinsa ka tafi kai tsaye ku taru ku biyu a kan mai ƙwallo, amma ba ka da izinin tsayawa a tsakani kana gadin fili. Saboda haka Houston sai su janye mutum uku can gefe guda, masu tsaronsu su bi su tilas, a bar Olajuwon da Patrick Ewing, dogon ɗan wasan Knicks, su biyu. A 2001 aka soke wannan doka, aka halatta tsaron yanki. Dogon ɗan wasa na yau da ya karɓi ƙwallo ya juya wa kwando baya, kafin ya buga ta ƙasa sau biyu hannaye sun kewaye shi ta ko'ina. Mai tsaron gida na yau kuma yana share fili fiye da na da nesa ba kusa ba, ya ruga ƙarƙashin kwando, ya dawo kusurwa, ya karɓi gajere ya saki dogo, duk cikin daƙiƙa 24 da ake ba masu kai hari su yi jifa. Oakley bai yi irin wannan gudun ba, domin ba a buƙace shi ya yi ba.

A kan Olajuwon ne yaron ya yi tsit. Akwai abin da lamba ba ta ɗauka. Za a rubuta cewa ya ci maki 25, ya cafe ƙwallo 10 da suka dawo daga kwando, ya miƙa 7 aka ci. Ba za a rubuta yadda yake karɓar ƙwallo a gefen hagu, bayansa manne da ƙirjin Ewing, ya karkata kafaɗa kamar zai bi ta tsakiya, sai ƙafa ɗaya ta kafe, ɗayar ta kewaya, ya ɓulle ta layin ƙarshe yana jifa yana faɗawa baya ba. Muka mayar da wani wuri sau huɗu muna kallon ƙafafunsa kawai. Ewing ba ƙaramin mai tsaro ba ne, a wannan gasar ya kaɗe jifa 30, kuma shi ne ya hana Olajuwon kofin jami'o'i a 1984, lokacin da Jami'ar Georgetown ta doke Jami'ar Houston. Duk da haka a wasanni bakwai ɗin Olajuwon ya riƙa cin kusan maki 27 a kowane wasa, Ewing kusan 19.

Waɗannan ƙafafu daga gida ya tafi da su. Gola ne a ƙwallon ƙafa, ɗan ƙwallon hannu ne kuma a makarantarsu ta Muslim Teachers College da ke Legas, sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. Gasarsa ta farko ma a Sakkwato ya buga ta, a wani bikin wasanni na makarantun horon malamai. Da na gaya wa yaron haka sai ya ce, "Sakkwato tamu?" Na ce ita fa. Kuma idan ana neman shaidar cewa fasaharsa ba ta tsufa ba, Kobe Bryant ya je wurinsa koyon taka ƙafa a 2009, LeBron James ya je a 2011, Giannis Antetokounmpo ya je a 2023. Ba a ɗaukar jirgi a je koyon abin da ya daina aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a daren, wanda ni ma ban zo da shi a raina ba, shi ne wannan Houston da ake kafa misali da ita a kan tsohon yayi ita ce ta haifi sabon. Kocinsu Rudy Tomjanovich ya ajiye Olajuwon a ciki, ya kewaye shi da masu jifar nesa: Smith, Vernon Maxwell, Robert Horry, Mario Elie da sabon shiga Sam Cassell. In an bar shi da mutum ɗaya ya ci, in an taru a kansa ya wurgo ta waje. Haka aka kashe wasan. Saura ƙasa da minti biyu, Knicks suka rufu a kansa, ya fito da ita ga Maxwell, Maxwell ya saki ta maki uku ta shige, abokansa suka danne shi a ƙasa don murna. Yaron ya zabura ya ce, "Ai wannan irin wasanmu ne!" A kakar nan Houston ta jefa ta maki uku 429, ba ƙungiyar da ta taɓa kai haka a lokacin. Curry shi kaɗai ya jefa 402 a kakar 2015 zuwa 2016. A 1994 ƙungiya kan gwada irin wannan jifa kamar sau 10 a wasa, yanzu ana haura 35. Tazarar tana da girma, amma hanya ɗaya ce, su ne a farkonta.

John Starks kuwa ya ba ni tausayi har raina ya sosu. Mutum ne da ba ƙungiyar da ta zaɓe shi da ya gama jami'a, ya taɓa aikin zuba wa masu sayayya kaya a jaka a kanti, ya yi ta fafutika har ya zama jigon Knicks. A wasa na shida ya ci maki 27, jifarsa ta ƙarshe da za ta ba su kofi Olajuwon ya taɓa ta da yatsu ta faɗi, aka tashi 86 da 84. A na bakwai ya yi jifa 18, biyu ne suka shiga, ta maki uku ya gwada 11 ko ɗaya ba ta shiga ba. Kana ganin fuskarsa bayan kowace jifa, yana komawa baya da gudu yana cije leɓe, ƙwallo ta sake zuwa hannunsa ya sake saki. Kocinsu Pat Riley ya bar shi a fili, daga baya kuma ya yi nadamar barin Rolando Blackman a benci. Yaron ya ce wannan shi ne rashin iya jifa na mutanen da. Na ce a'a, wannan nauyin wasa na bakwai ne, kuma ba ya tambayar shekara. A 2010 Lakers da Celtics sun tashi 83 da 79. A 2016 Golden State ta Curry, wadda ta ci wasa 73 a kaka ɗaya, ta tsaya a maki 89, ta yi fiye da minti huɗu na ƙarshe ba ta ci ko ɗaya ba, Cleveland ta ɗauke kofin da 93. A 2025, ranar 22 ga Yuni daidai, Indiana ta ƙare da 91 a hannun Oklahoma City. Duk 'yan zamanin jifar nesa ne, amma da hannu ya yi nauyi makinsu bai yi nisa da na 1994 ba.

Akwai masu rage wa Olajuwon daraja da cewa Michael Jordan na Chicago Bulls ya ajiye wasa a wannan kakar. Haka ne, ya ajiye. Amma ya dawo a Maris 1995, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da Chicago, Houston kuma ta share Orlando wasa huɗu a jere ta sake ɗaukar kofi. A Fabrairun shekarar, watan azumi, Olajuwon yana azuminsa aka zaɓe shi gwarzon wata. Wannan ya ishe ni amsa.

Ra'ayina, Edita, ɗan wasan tsaka-tsaki na yau ya fi na 1994 iya jifa da sarrafa ƙwallo, ban da shakka a kai, kuma wasan yau ya fi buɗewa. Na 1994 ya fi jure duka, ya kuma fi sanin abin yi idan ya juya wa kwando baya. Wanda zai ce wane ya fi wane, ya fara gaya mana da dokar wace shekara za a busa wasan. Olajuwon dai ko da wacce aka busa zan ɗauke shi a sahun farko, domin dogo mai gudu, mai iya tsare gajere a waje, mai kaɗe jifa 3,830 a rayuwarsa ta wasa, wadda har yau ba a kamo ba, shi ne ainihin wanda kowace ƙungiya ke nema yanzu.

Roƙona shi ne ku ware wa ƙwallon kwando ko da rabin shafi a mako. Yaranmu a Kano da Kaduna da Zariya guntayen bidiyo na daƙiƙa 30 suke gani a waya, da su suke yanke wa zamani guda hukunci. Ku riƙa bayyana musu dokokin da Hausa, ku kawo tarihin mutane irin su Olajuwon da Masai Ujiri da ya tashi a nan Zariya ya jagoranci Toronto ta ci kofi a 2019, ku kuma leƙa wasannin Kano Pillars ta kwando. Ɗan ƙanwar tawa bai janye maganarsa a kan jifa ba, ni ma ban matsa masa ba. Amma da safe na same shi a tsakar gida, ya juya wa turmi baya, ƙafa ɗaya a kafe yana kewaya ɗayar, har ƙwallon ta kusa faɗawa cikin kwanon kokon mahaifiyarsa. Ya ce Asabar mai zuwa wasan farko na gasar ƙarshe ta 1995 za mu kalla.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
daga Sabon Gari, Zariya.