Ku dubi madubin kafin ku raɗa wa bindiga suna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yaba muku bisa hotunan Yaƙin Duniya na Biyu da kuke sakawa a shafinku na tarihi, sai dai bayanan da ake rubutawa a ƙasan hotunan maharban nesa suna bukatar gyara. Duk doguwar bindigar da aka gani da madubi a kanta sai a ce Dragunov ce, alhali sojojin Sobiyet ba su karɓi Dragunov ba sai 1963, shekara 18 bayan an gama yaƙin. Yara 'yan makaranta suna kwafar waɗannan bayanai su yaɗa, shi ya sa abin yake damuna.

Wanda zai tantance bindiga a hoto, madubin hange zai fara dubawa, da ƙarfen da aka ɗora shi a kai, domin nan ne ƙasashe suka fi bambanta. A wajen Sobiyet, bindigar da aka fi gani ita ce Mosin-Nagant 91/30. Daga 1942 an riƙa ɗora mata madubin PU, gajere, tsawonsa wajen santimita 17, kaurinsa kusan ɗaya daga gaba har baya, yana kusanto da abu sau 3.5, kuma maɗorinsa yana gefen hagu. Madubin PE da ya gabace shi ya fi tsawo sosai, bakinsa na gaba ya buɗe, ƙarfinsa sau 4. Saboda haka in an ga PU a kan Mosin a hoton da aka ce na 1941 ne, to a sake bincikar kwanan watan. Sannan a dubi hannun sakata, wato ƙarfen da ake ja don ɗura harsashi: na Mosin ta sojan ƙasa gajere ne a miƙe, na maharbi kuwa an tsawaita shi an lanƙwasa ƙasa don kada ya bugi madubi in an ɗaga. Hotunan maharbiyar Sobiyet Lyudmila Pavlichenko da suka fi yawo, SVT-40 take riƙe da ita, mai ɗura kanta, ana ganin gidan harsashi mai cin 10 ya fito ƙarƙashinta.

Ta Jamus, Kar98k, gidan harsashinta yana ɓoye cikin ƙota, ba a ganin komai ya zazzago. In aka ga siririn madubi can gaba, a kan saitin baya, nesa da idon mai harbi, wannan Zf41 ne, ƙarfinsa sau 1.5 kacal, abin da bai isa harbin nesa na gaske ba. Manyan madubai masu ƙarfi sau 4 suna zama ne a kan sakata.

Ta Ingila ta fi shafar mu, tun da Lee-Enfield ce sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka riƙe a ƙasar Bama (Myanmar ta yau). Irin ta maharba, No. 4 Mk I (T), tana da alama biyu da ba sa ɓuya: madubin No. 32 mai kauri da manyan maɓallan saiti, da wani ɗan katako da aka ɗaure a kan gindin ƙota don mai harbi ya jingina kunci. Sojan da ya kwanta a daji da Lee-Enfield babu waɗannan, kada a rubuta cewa bindigar maharbi ce don kawai yana kwance yana auna. Ta Amurka kuwa, M1903A4, ana gane ta da abin da ba ta da shi: babu saitin ƙarfe a bakin bututunta ko kaɗan. In aka ga bindigar Amurka da madubi siriri dogo da ya wuce rabin tsawonta, Unertl ne mai ƙarfi sau 8 na sojojin kundumbalar ruwan Amurka a yankin Fasifik.

Kurakurai uku ne suka fi kayar da mutane. Na farko, hoton da aka wanke a juye. Hannun sakatar duk waɗannan bindigogi yana dama, to in ya fito a hagu a dubi maɓallan riga da rubutun da ke cikin hoton, za a tarar komai ya juye. Na biyu, dogaro da kaki. Jamusawa sun yi amfani da Mosin da SVT-40 da suka ƙwace, kuma Mosin mai PU ta sake ɓullowa a yaƙin Koriya da na Biyetnam, don haka kakin mutum ba ya faɗin asalin bindigarsa, bindigar ma ba ta faɗin shekara ita kaɗai. Na uku, zaton cewa kowane maharbi yana da madubi. Simo Häyhä na Finland, a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940, da saitin ƙarfe ya yi aikinsa a kan M/28-30, saboda gilashi yana yin hazo a sanyi, yana ƙyalli, kuma yana sa mutum ya ɗaga kai sama.

Ko a hotunan yaƙe-yaƙen baya-bayan nan, ba kowace mai huda a ƙota ce Dragunov ba. PSL ta Romaniya tana kama da ita matuƙa, amma gidan harsashinta yana da tambarin X a jiki, kuma katakon hannunta biyu ne, sama da ƙasa, irin na AK. Na Dragunov ya rufe bututu ta gefe biyu da dogayen ramukan shan iska.

Roƙona shi ne, kafin a buga hoto a faɗaɗa shi a kwamfuta, a dubi madubi, hannun sakata, gidan harsashi da bakin bututu, a haɗa da shekarar da ma'ajiyar hoton ta bayar. Hotuna masu launi da suka yi kyau fiye da kima a bi asalinsu, domin da yawa daga fim aka ciro su ko daga taron masu kwaikwayon yaƙi, inda ake ɗora sabon madubi a kan tsohuwar bindigar sojan ƙasa. In hannun soja ko tsummokaran ɓad-da-kama sun rufe wurin da ake bukata, a rubuta "bindiga mai madubin hange" a tsaya nan. Waɗanda aka riga aka wallafa da sunan Dragunov kuma, don Allah a koma a gyara su.

Na gode,
Mai karanta ku daga Kaduna