Wasiƙa kan HeroClix: abin da ido ke gani da abin da faifai ke faɗa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya iyali, ya kuma sanyin can wajenku? Allah Ya sa muna cikin masu dacewa, amin.

Saƙonka ya iso, na kuma ga ƙorafinka kan 'yan mutum-mutumin HeroClix da ka saya, na wasan tebur ɗin nan da ake gwabza jaruman roba a kan taswira, cewa ga jarumi riƙe da makami amma dokar wasa ta hana shi amfani da shi. Ba jabu aka sayar maka ba. Haka wasan yake tun da kamfanin WizKids na Amurka ya fito da shi a 2002. Doka ba ta kallon surar roba ko kaɗan. Faifan lambobi mai juyawa da ke cikin mazaunin jarumin, wato gindin da yake tsaye a kai, da katinsa, su ne kawai alƙalai, kamar dai dara, inda ba a tambayar ko tsinken wane ya fi kyau.

Duba 'yar tagar da ke mazaunin. Lambobi huɗu ne: gudu, hari, kariya, da ɓarna. A gefe kuma an buga nisan harbi, da alamar walƙiya mai nuna mutum nawa zai iya hara lokaci guda. Idan nisan harbi 0 ne, to ko bindiga ce a hannunsa sai ya matso gida da gida da abokin gaba, a gidajen da aka zana a taswirar wasa, kafin ya kai hari. Launin da ke bayan kowace lamba shi ne baiwar jarumin a wannan lokacin. Ɗauki Wolverine. Faratansa a waje suke kullum domin haka aka zuba robar, amma ba za su yi aiki ba sai lambar harinsa tana kan ja. A nan ne kake jefa dayis ɗaya, abin da ya fito ya zama ɓarnar da ya yi. Da zarar an buge shi ka juya faifai jan ya wuce, faratan sun koma ado. Garkuwar Captain America ma haka: ruwan lemo a lambar kariya na rage ɓarna da 1, ruwan toka na rage 2, in babu launi kuwa garkuwar ba ta tare komai. Dalili a fili yake. Roba tsayuwa ɗaya take yi har abada, faifai kuwa yana sauyawa da kowane bugu. Shi ya sa za ka ga wasu Hulk ɗin da ƙirar ƙato, amma faifansu ya fara da rauni, sai an ji musu ciwo ƙarfin ke tasowa.

Maganar tashi sama ita ta fi rikita sababbin 'yan wasa. Ganin jarumi a kan sandar roba mai garai-garai ba hujja ba ce. Kalli alamar da ke kusa da lambar gudu: takalmi na mai tafiya a ƙasa ne, fiffike na mai tashi, kifin dolfin na mai iyo. Sau da yawa ana ƙera Spider-Man yana lilo a iska, alhali takalmi ne a mazauninsa, hawa bango kuma daga ruwan lemo a lambar gudu yake samunsa. Girma ma alama ce, tana kusa da lambar ɓarna. Dogo mai alamar talakawan jarumai daidai yake da kowa, Ant-Man kuwa ko an ƙera shi da ɗan girma don a iya riƙe shi, in alamar ƙanƙanta ke gare shi yana samun ƙarin 1 a kariya idan aka harbe shi daga nesa. Layin harbi daga tsakiyar gida zuwa tsakiyar gida ake jansa a taswira, don haka wanda ya durƙusa yana tare hanya daidai da wanda ya miƙe.

Wani ɓangare na saɓanin daga tattalin kuɗi ya fito, kuma a ganina nan ne kamfanin ya cancanci a yi masa tsiya. A shekarun farko, sura ɗaya ake ɗora wa faifai uku: zobe rawaya na sabon shiga, shuɗi na mai gogewa, ja na tsohon hannu. Fuska ɗaya, kaya ɗaya, amma maki, wato darajarsa wajen haɗa tawaga, da ƙarfi sun sha bamban. An bar wannan tsari a 2007 lokacin da aka fara ba kowane jarumi katinsa, sai dai sake amfani da tsohuwar ƙira da sabon fenti bai tsaya ba, domin sassaƙa sabon mazubi ya fi buga sabuwar takardar faifai tsada nesa ba kusa ba. Ina fahimtar uzurin, amma wasan da aka gina don mutum ya kalli tebur ya gane komai bai kamata surarsa ta riƙa ɓatar da mai kallo ba.

Ga abin da za ka riƙa yi. Kafin wasa, gwada alamar rukunin da aka fitar da jarumin a ciki da lambarsa da ke mazauni da waɗanda ke kati, musamman a kayan hannu, inda ake samun surar da ta karye aka manna ta a mazaunin wani. Juya faifai zuwa wurin farawa, wanda ke da koren layi ko lamba 1. Inda ka ga farin akwati mai baƙin gefe a bayan lamba, baiwa ce ta musamman, bayaninta na kan kati kaɗai. Sannan ka sauko da sabuwar takardar bayanin launuka daga shafin WizKids, domin an yi wa dokoki garambawul a 2017 da 2021, ma'anar wasu baiwowin ta sauya ko da launin bai sauya ba. Gyare-gyaren da kamfani ya wallafa suna gaba da abin da aka buga a kati.

Akwai kuma matsalar wuri. Kowane gida a taswira inci ɗaya da rabi ne, amma alkyabba ko fiffike ko takobi kan leƙa gidan maƙwabci har wani ya kasa zama. Juya shi kawai, domin a HeroClix inda jarumi ya fuskanta ba shi da wani hukunci. Idan takobi ya lanƙwashe a kwali, tsoma shi a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, ka miƙar da shi, ka sa a ruwan sanyi. Idan sura ta ɓalle daga mazauni, ɗigo ɗaya na gam mai kamawa nan take ya isa, a tafin ƙafar za ka sa, ka kuma kiyaye kada ya gangara cikin faifai, in ba haka ba ya daina juyawa ke nan.

Ka turo mini hoton mazaunan waɗanda suka fi ba ka wahala, da katunansu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka gaida mai ɗakinka da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini har kullum.